Waya Ta Uku

Filayar ta ce ƙas, ta sake cewa ƙas, sannan ta uku. Dogo ya zaro soket ɗin daga jikin sensar da ke kai wa injin motarsa saƙo, ya ɗago shi a tafin hannu. Ɗan baƙin abu ne da bai fi kan babban yatsa ba, baƙin mai ya jiƙe shi, guntayen wayoyi uku na reto a bayansa. Tsinken ashanar da ya cusa a gefensa tun bara yana nan a maƙale. Ya dube shi sau ɗaya, ya wurga shi kwata.

Tun gari bai gama wayewa ba yake murɗa makulli, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Da, in motar ta yi masa haka, buɗe bonet yake yi ya girgiza soket ɗin nan, ya ƙara danna ashanar, sai ta tashi kamar ba ita ba. Yau ya girgiza, ya danna, ya hura masa iska, har lallashi ya yi. Ta ƙi.

Ga shi kuwa yau ce ranar da bai kamata ta ƙi ba. A bayan katangar da ta raba gidansa da na maƙwabcinsa, Baba Mai Waya na kwance. Shekaranjiya asibiti suka sallamo shi, ba don ya warke ba. Likita ya ja matarsa Iya gefe, ya ce zuciyar ta gaji, a kai shi gida, in akwai wanda yake son gani a kira shi. Mutum ɗaya ce kuwa, Auta, ita kaɗai ta rage musu cikin 'ya'yan da suka haifa. Tana aure a wani ƙauyen manoma, tafiyar awa biyar, rabin hanyar babu kwalta. Sati biyu ke nan da aka yi mata aiki aka ciro jariri, ba ta isa ta hau babur ba, motar haya kuma ba ta shiga can sai ranar kasuwa, saura kwana huɗu. Direbobi biyu aka yi wa magana, suna jin sunan hanyar suka ce motarsu ba ta da lafiya. Dogo ne ya ce shi zai je. Da motar nan yake raba ƙwai shago shago shekara goma sha ɗaya, ya ce ƙwai zai jira. A gaban gadon Baba ya faɗa, ya ce in ya tashi da sassafe, kafin rana ta faɗi Auta tana zaune a ɗakin nan.

Abin takaicin shi ne, duk garin babu wanda ya san ciwon motar nan kamar mutumin da ke kwance a bayan katangar. Baba ya fi shekara arba'in yana gyaran wayoyin mota. Bai yi makaranta ba, in ka miƙa masa takardar zanen wayoyi sai ya fifita da ita ya miƙo maka abarka. Launin waya ma bai yarda da shi ba. Yakan ce ja da kore na sabuwar mota ne, in zafi da mai suka yi shekara biyar a kansu duk sun zama 'yan uwa ɗaya. Saboda haka ya ƙirƙiro tasa alamar. Wani siririn bututun roba yake yankawa da reza, ƙanana ƙanana kamar zobba, ya zura a jikin waya dab da soket: zobe ɗaya ga mai kawo wuta, biyu ga mai mayar da ita jikin mota, uku ga mai kai saƙo ƙwaƙwalwar inji. Ko ido a rufe ya shafa ya sani. Duk motar da ta taɓa kwana a hannunsa, ka buɗe ta za ka ga zobbansa.

Shekara guda cur yana gaya wa Dogo ya kawo motar. Ya ce bakin ƙarafan da ke cikin soket ɗin ne ya saki, ba sa cizon haƙoran sensar, aikin awa ɗaya ne. Dogo kullum sai ya ce gobe, Baba, yau ƙwai na jira. Mai tsohuwar mota haka yake, muddin ta tashi yau, to ba ta da ciwo.

Yanzu kunya ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya da maganar soket. Ya fere bakin wayoyin uku da haƙori, ya murɗa kowace a kan haƙorin sensar, ya naɗe da baƙin salatif. Sai da ya zo murɗa ta biyu ya lura duk ukun launinsu ɗaya, launin ƙasa ƙasa. Ya bi su yadda suka zo hannunsa. Ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, babu komai. Ya fito ya sauya biyu, ya koma. Babu komai. Ya sake sauyawa. A karo na huɗu batir ya fara jan ƙafa.

Tela ya zo buɗe shagonsa da ke tsallaken layin, ya tsaya da makulli a hannu yana leƙen injin. Ya ce ko mai ne babu. Dogo ya ce tanki cike yake tun jiya. Ya ce ko a tura. Dogo ya ci gaba da kallon wayoyin.

Rana ta haura katanga lokacin da Iya ta fito da ledar kayan jariri da ta haɗa wa Auta. Ba ta tambaye shi dalilin da bai tafi ba. Ta ajiye ledar a kujerar baya, ta rufe ƙofar a hankali.

"Ya ce ka shigo," in ji ta. "Tun ɗazu yake ƙirga maka."

Ɗakin na warin man zafi da magani. An jingina Baba da matasan kai uku, domin in ya kwanta sosai numfashi ba ya zuwa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi, fuskar kuwa ta zube, sai hanci da idanu. Tagar da ke kansa tana kallon layi, a buɗe take. A ƙusa, gefen tagar, jakar kayan aikinsa na rataye, a ƙarƙashin gado kuma gwangwanayen madara jere, kowanne da abin da ke cikinsa.

"Injiniya," in ji Baba. "An tashi lafiya?"

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki.

"Jiki ga shi. Sau goma sha bakwai ka murɗa makullin nan. Goma sha ukun farko ashana ce ta gaji. Huɗun ƙarshe ban gane muryarsu ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ka yanke?"

"Na yanke, Baba."

"Gaban zobba ko bayansu?"

Sai a lokacin Dogo ya tuna da zobban. Ya sunkuyar da kai.

"Ina soket ɗin?"

"Yana kwata."

"To je ka gaishe shi, ka ce ni na aiko ka."

Ya kusa rabin awa yana laluben kwatar, hannu har gwiwa, Tela na nuna masa da sanda inda yake zaton ya faɗa. Da ya samo shi ya wanke da fetur, ya goge da gefen rigarsa. Ga zobban nan a guntayen wayoyin, ɗaya, biyu, uku, sun yi baƙi amma suna nan. Da ya matsa da filayar tsawon yatsa ɗaya zuwa gaba, da suna jikin mota.

Tela ya hau babur ya tafi garejin bakin titi ya kira wani mai gyaran waya. Ya dawo ya ce mutumin yana ƙarƙashin wata motar, ya ce nan da awa ɗaya yana tafe. Ya sake komawa da awar ta cika, aka ce ya fita sayen kaya. Har yau bai zo ba.

Baba bai jira shi ba. Ya sa Iya ta ɗora masa faranti a cinya, ta sauko da jakar. Daga ciki ya zaro tsinkensa, wani siririn ƙarfe da ya cire daga ƙafar keke tun Auta ba ta yi wayo ba, ya wasa bakinsa ya zama kamar allura mai faɗi. Hannunsa na rawa, har farantin na ƙara. Amma da ya kai tsinken bakin soket ɗin sai rawar ta ragu. Ya zura shi ta gaba, ya danna wani ɗan harshe da Dogo bai taɓa sanin yana ciki ba, ya ja wayar ta baya, sai ga ƙarfen ya fito sul. Haka ya fito da ukun. Ya ɗaga ɗaya saitin taga ya nuna wa Dogo bakinsa, ya buɗe kamar bakin tsoho mai barci. Ya kankare tsatsar, ya matse kowanne a hankali, ya gwada shi a kan wani tsohon haƙori da ya ciro daga gwangwani, sai da ya ji ya ciza sannan ya ajiye.

Guntayen wayoyin sun bushe, ana lanƙwasa su suna tsagewa. Ya ce sai an sa sababbi. Tsofaffin zobban kuwa yana taɓa su suka farfashe a yatsunsa. Matar Dogo ta ɗora ƙarfen narka dalma a kan risho, Dogo na kai da kawowa da shi tsakanin gidajen biyu, yana kare shi da tafin hannu kada ya huce. Baba yakan yi aiki na minti biyu ya huta na biyar, ido a rufe, baki a buɗe. Dogo na tsugune yana kallon hasken taga na saukowa daga bango zuwa ƙasa. Bai ji haushi ba, bai ji tsoro ba. Ji ya yi kamar an cika masa kai da auduga.

Baba ya yanka zobe ɗaya ya zura a sabuwar waya ta farko. Ya yanka biyu ya zura a ta biyu. Da ya zo ta uku rezar ta suɓuce ta faɗa cikin zanin gado. Iya ta nemo ta. Ya karɓa, ya dubi taga, ya dubi Dogo, ya ajiye ta a faranti. Ya mayar da ƙarafan cikin soket ɗin, kowanne ya ce ƙit.

"Wadda ba ta da zobe ita ce ta uku," in ji shi. "Ko wawa zai gane. Har kai. In ka dawo na saka."

Iya ta ɗago ta dube shi. Shekara arba'in da wani abu tana tare da shi, ba ta taɓa ganin ya miƙa aiki da sauransa ba.

Saura wayoyin da ke jikin mota, waɗanda babu mai iya cewa wace ce wace. Dogo ya ce Baba ya gaya masa yadda zai yi, ya je ya yi. Baba ya ce shekara guda yana gaya masa abin da zai yi, bai yi ba. Ya ce a fitar da shi. Iya ta ce likita ya hana ko tashi tsaye. Ya ce ai ba tsayuwa zai yi ba, sarki zai zama, a ɗauke shi a kujera. Ba wanda ya yi dariya. Iya ta tsaya riƙe da farantin, can ta ajiye shi, ta je ta ɗauko hularsa.

Dogo da Tela suka ɗauke shi a kujerar roba. Dogo ya yi zaton zai yi nauyi saboda kumburin, sai ya ji bai kai kiret goma na ƙwai ba. A ƙofar gida ƙafar kujerar ta bugi dokin ƙofa, Baba ya yi wani ɗan nishi, ya riƙe wuyan rigar Dogo, bai saki ba sai da suka dire shi a gefen motar. Rana ta take. Iya ta buɗe lema ta tsaya a bayansa.

Ba ya iya sunkuyawa cikin injin. Ya riƙe tsohuwar mitarsa mai allura a cinya, ya ba Dogo igiyoyinta biyu. Ya sa shi ya warware salatif ɗin. Da ya hango abin da ke ƙarƙashi ya girgiza kai.

"Kitso ka yi mata. Tela, zo ka ga kitso. Ashe maƙwabcinmu yana da sana'ar hannu."

Ya sa aka raba wayoyin kada su taɓa juna, Tela ya buɗe makulli ba tare da ya tayar ba. Dogo ya ɗora baƙar igiya a jikin inji, ya taɓa waya ta farko da ja. Allura ba ta motsa ba. Ya taɓa ta biyu, ta yi tsalle ta tsaya. Baba ya ce wannan ce mai zobe ɗaya, ya lanƙwasa ta gefe kada ya manta. Aka kashe makulli, ya murɗa wani abu a jikin mitar, aka sake taɓawa. A ta farko allura ta tafi har ƙarshe. Ya ce mai biyu ke nan. Wadda ta rage ba sai an tambaye ta ba. Dukan abin bai kai minti biyar ba. Dogo ya tsaya da igiyoyin a hannu yana tunanin minti biyar ɗin.

Ya ce tunda yanzu an san kowace, bari ya murɗa su kawai ya naɗe, lokaci na tafiya.

"Kitso zai kai ka," in ji Baba. Numfashinsa na fita da wani sauti kamar ana jan takarda. "Ba zai dawo da kai ba. Hanyar nan gargada ce. Ka tsaya a daji da Auta da ɗinki a cikinta, da jariri? Kawo dalma."

Aka sake ɗora ƙarfen a risho. Dogo ne ya yi ɗaurin da hannunsa, Baba na gaya masa: haɗa su baki da baki, kar ka tara dalma kamar kana zuba miya, ɗora ƙarfen a ƙasan waya ka bar ta ta sha da kanta. Ta farko sai da ya sa shi ya sake. Aka naɗe kowace ita kaɗai, sannan aka naɗe su tare. Dogo ya tura soket ɗin a kan sensar. Ya shiga da ƙyar, ya ce ƙit, ya zauna daram. Baba ya ce yanzu sai a roƙi Allah kitson safe bai ƙone sensar ba.

Batir ya yi sanyi, sai da aka aro na mai injin niƙa aka haɗa. Dogo ya murɗa makulli sau ɗaya. Motar ta tashi.

Ƙarfe uku ta wuce. Baba ya ɗaga yatsu biyu daga kan mitar alamar ya tafi. Dogo ya so ya tsaya a mayar da shi ɗaki, Iya ta ce ya tafi, ga Tela ga mai niƙa. Da ya kai kwanar layin ya duba madubi. Baba na nan a kujera ƙarƙashin lema, bai kalli motar ba. Ya karkatar da kai gefe ɗaya, ido a rufe, yana sauraron injin.

Duhu ya riga shi isa ƙauyen. Mijin Auta ya ce ba a bin hanyar nan da mace mai ɗinki a ciki sai ana ganin ramuka, gaskiya kuwa ya faɗa. Gari na soma haske suka taso. Mijin ya tsaya zai sallami masu aikin gona ya biyo su a babur. Auta ta zauna a baya, matashi a bayanta, jaririn a cinya. Duk ramin da suka faɗa sai ta cije leɓe, saboda haka Dogo ya riƙa lallaɓawa kamar ya ɗauko ƙwai, tafiyar awa biyar ta nemi bakwai.

Ta tambaye shi jikin Baba. Ya ce da sauƙi, jiya ma har waje ya fito. Ta ce waje, me ya fito yi? Ya ce mota ya duba masa. Ta yi ɗan murmushi ta ce Baba ke nan. Ta ba shi labarin yadda tana ƙarama take zama a gefensa tana yanka masa zobba, in ta yanka ɗaya ya fi ɗaya kauri sai ya ce wannan na babbar mota ne, ya jefa a wani gwangwani dabam. Sai da ta girma ta gane gwangwanin na zubarwa ne. Dogo ya ce haka ne. Bai gaya mata maganar filaya ba.

Suna hawa kwalta wayarsa ta samu layi, ta fara ƙara a aljihun gaba. Ya zaro ya duba. Tela ne. Ya kife ta a kujerar gefe. Ta yi ta ƙara har ta gaji, ta sake farawa. A madubi ya ga Auta na kallonsa. Ba ta ce ya ɗauka ba. Ta gyara wa jaririn hula, ta juya tana kallon gonaki.  Motar kuwa ko tari ba ta yi ba. Ta hau tudu, ta sha gargada, ta ratsa ruwa sau biyu, injin na tafiya sumul kamar ranar da ya saye ta.

Tun daga kwanar layin ya hango bencina a ƙofar gidan, da mutane zazzaune, da takalma jibge a bakin ƙofa. Ya tsaya daidai inda aka gyara motar jiya. Matarsa ta zo ta buɗe ƙofar baya, ta karɓi jaririn. Auta ta sauko da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, ta dafa ƙofar ta miƙe. Ta bi ta tsakanin bencinan a hankali, hannu ɗaya a kan cikinta, maza na janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ta cire takalmanta ta jera su a gefe, ta shiga.

Dogo bai fito ba. Yana zaune riƙe da sitiyari yana kallon allurar mai, ta sauka ƙasa da kwata. Ya yi tunanin gobe sai ya sha mai kafin ya je ɗaukar ƙwai. Tela ya zo ya sunkuyo ta taga, ya ce wajen ƙarfe goma na safe Baba ya cika, bai sha wahala ba, an jira ne Auta ta gan shi. Dogo ya ce to. Kansa ya yi lissafin da kansa, ba tare da ya sa shi ba: da ya tashi jiya da sassafe, da ta samu yamma guda, da dare guda, da safiya. Da kuma ba a fitar da shi rana ba, wa ya sani. Lissafin ya fito daidai, ya tsaya a gabansa kamar lissafin wani. Tela ya zura hannu ya kashe masa motar.

Da aka tashi kai Baba makwancinsa, Dogo ya ɗebi tsofaffin layin da ba sa iya tafiyar ƙafa. Murɗawa ɗaya ta tashi. A can ma, da aka gama, murɗawa ɗaya. Wani tsoho a kujerar baya ya ce motar nan tana da lafiya, wa ke duba masa ita? Mai niƙa ya taɓa tsohon da gwiwar hannu, ya yi shiru.

Suna dawowa matarsa ta ce Iya na kiransa. Ya same ta a ƙofar ɗakin, mata cike da tsakar gida. Ta ciki yana hango Auta zaune a bakin gadon, an cire matasan kai ukun an jera a gefe, tana shayar da jaririn tana kallon bango. Ya durƙusa zai yi magana. Ya shirya abin da zai ce tun a hanya, maganar ashana da filaya da shekara guda ta gobe gobe. Iya ba ta bar shi ya fara ba. Ta miƙo masa murfin gwangwanin madara.

Zobba uku ne a ciki, sababbi, da tsinken Baba a gefensu.

Ta ce da safe Baba ya nemi reza da bututun. Ya fi awa yana yanka su, ya zubar da wajen shida don ba su yi daidai ba. Ta ce duk motar da ta wuce layin sai ya ɗaga yatsa a yi shiru, ya saurara, ya ce ba ita ba ce. Ita ce ta ce masa ko sun lalace a hanya. Ya ce a'a, motar za ta kawo ta, wannan ba ya shakka, shi ne dai bai san nasa injin ba.

"Ya ce kar ka fita ƙwai sai ka saka su," in ji Iya. "Ya ce ka ga yadda ake ciro ƙarfen. Ta gaba ake zura tsinken, a ja ta baya. Kar ka ja da ƙarfi."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. Ya ce to, Iya. Ta koma ciki.

Ya fito layi. An fara kwashe bencina, Tela na naɗe tabarmi. Kujerar robar tana nan jingine da katanga inda aka bar ta jiya. Ya buɗe bonet, ya kafa sandarsa. Ga soket ɗin can ƙasa, ƙurar hanya ta rufe shi, ya goge da yatsa: zobe ɗaya, zobe biyu, da waya ta uku haka nan tsirara. Ya kai hannu zai zare shi, zafin inji ya ƙone masa bayan hannu, ya janye.

Ya jawo kujerar robar ya zauna a gefen motar, murfin gwangwanin a kan gwiwarsa, ya dafe shi da tafin hannu kada iska ta kwashe zobban. Injin na ta ƙas, ƙas a hankali yana hucewa. Ya zauna yana jira.